Ƙulli Biyu a Jirgi Ɗaya

Kakannina maza biyu ba sa ga-maciji, kuma duk garinmu an san dalili. Ƙulli ne, wanda ake ɗaure ƙugiya da shi a bakin zaren fatsa.

Kaka Odell, mahaifin mamata, murɗe yake yi. A zura zare ta idon ƙugiya, a murɗa shi a jikin ɗan'uwansa sau shida, a maido bakin ta 'yar kafar da ta rage kusa da idon, a jiƙa da yawu, a ja. Kaka Burl, mahaifin babana, ninki yake yi. A ninka zaren biyu, a zura, a yi ƙulli ɗaya sako-sako, a wuce da ƙugiyar gaba ɗayanta ta cikin madaukin, a jiƙa, a ja. Kowannensu a wurin ubansa ya gada. Kaka Odell ya ce ninki ƙullin malalata ne da yaran da ba su gama koyon ɗaura takalmi ba. Kaka Burl ya ce duk kifin da ya tsufa a tafkin nan murɗe zai gode wa. An ce ranar auren iyayena sai da fasto ya shiga tsakaninsu a bayan coci, kowa ya zare igiyar takalminsa yana gwada wa 'yan biki.

A nan wajenmu, arewacin Alabama, wanda bai taɓa kama kifin bas ba bai cika mutum ba. Mu ba ma cinsa. A ɗaga shi ta leɓe, a auna, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa, sannan a shekara ana ƙara masa nauyi da baki. A zuri'ar nan biyu ni kaɗai ce na fita zakka. Ina tsoron ruwa, ina tsoron ƙugiya, ina tsoron yadda kifi yake kallon mutum ba ya ƙiftawa. Shekarata goma sha biyar, kuma in aka neme ni aka rasa, to a duba ɗakin karatu na gari, can lungun da ke bayan kantar littattafan tarihi. Shi ya sa Kaka Odell yake ce mini Malama. Sunana na gaskiya Twyla.

Tun rasuwar kakata shi kaɗai yake zaune a gidansa na bakin ruwa, shi da koren jirginsa. Mama ta daɗe tana so a sayar da jirgin. Ba mugunta ba ce. Ya doshi tamanin, kuma ya taɓa zamewa ya faɗa ruwa a tsakiyar sanyi, ya dawo gida yana karkarwa yana cewa wanka ya yi. Da maganar ta ishe shi, ran nan muna cin abincin bikin godiya, dangi cike da tebur, sai ya buga cokali a faranti, ya dubi Mama.

"Darlene, saurara. Ranar da na kasa ɗaure ƙugiyata da hannuna, ki sayar da jirgin, na yarda. Kafin ranar ta zo kada ki ƙara tayar mini da zancen."

Mama ta dubi mutanen tebur ɗaya bayan ɗaya. "Kowa ya ji?"

Kowa ya ji. Mama ma'aikaciyar jinya ce, ba ta manta abin da majinyaci ya faɗa.

Farkon bazara aka aike ni kai masa burodin masara. Na same shi a baranda, ƙugiya a hannun hagu, zare a dama, yana ta soka zaren a iska. Ya soka gefen dama, ya soka gefen hagu, ya lashi bakin zaren, ya sake. Na daɗe a tsaye bai san na zo ba. Da ya ji motsina sai ya cusa hannuwan a tsakanin cinyoyinsa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Ya ce tsakiyar idon ne. Yana ganin gefe, yana ganin gaɓar can ƙetare, amma duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya narke, kamar an shafa wa tabarau man shanu. Zaren fatsa kuwa kun san shi, kalarsa kalar ruwa.

"In kika gaya wa uwarki, kin kashe ni, Malama."

"Kaka, ni ban iya ɓoye magana ba. Kunnuwana ja suke yi."

"Sai ki sauko da gashinki."

Haka na zama mai ɗaure masa ƙugiya. Duk Juma'a in an tashi daga makaranta sai in biya, in ɗaure ƙugiyoyin sandunan fatsarsa duka huɗu da murɗe, yana shafa kowane ƙulli da babban yatsa yana gyara mini. Ashe yatsun da suka saba buɗe shafi ba su da laifi wajen zare. Shi kuma ya gaya wa Mama wai ina koyon fatsa, ta yi murna har ta cire ni daga ƙungiyar ƙwallon 'yan mata, inda dama aikina gudun ƙwallo ne.

Amma rana dubu ta ɓarawo. Wata Lahadi a coci Kaka Odell ya rera waƙa tun daga farko har ƙarshe da littafin a juye, kuma Mama tana gefensa. Da yamma na ji ta a waya da Kaka Burl.

Kaka Burl dattijon coci ne, ba ya ƙarya. In ban da kan kifi, wadda a wajenmu ba a lissafa ta. Mama ta roƙe shi ya bi surukinsa ranar Asabar, ya zuba ido, ya dawo ya gaya mata gaskiya: da hannunsa yake ɗaurewa ko kuwa? Babana ya ce shi ba ruwansa, ya fita wanke motar da ya wanke jiya.

"Ni ma zan je," na ce.

Mama ta taɓa goshina ta ji ko da zazzaɓi.

Ranar Asabar gari bai gama wayewa ba muka tura jirgi. Na ɗaure rigar ruwa mai hana nutsewa har wuya, na zauna a tsakiya, na rungume littafi mafi faɗi da na samu a gida, na taswirar ƙasashen duniya. Shi ne labulenmu. Mun shirya da Kaka Odell cewa in sandunan nan huɗu suka ƙare, zai ce in miƙo masa shayi. Sai ya zauna ya ba Kaka Burl baya, ya yi kamar yana ɗauri, ni kuwa in ɗaure a bayan littafi.

Kaka Burl ya shigo da sandunansa da ledar dafaffiyar gyaɗa. Ya dubi jirgin sama da ƙasa.

"Har yanzu wannan kwanon wankin bai nutse ba?"

"Jira yake ka shigo," in ji Kaka Odell. "Zauna a baya, tumbinka ya daidaita mana nauyin inji."

"Jikalle, me za ki yi da wannan allon?"

"Karatu, Kaka."

"A kan ruwa? To Allah ya shirya. Jinin Tidwell ne wannan, dangin uwarki, mu Satterfield ba mu da shi."

"Ai gaskiya ne," in ji Kaka Odell. "Ku ba ku da mai karatu."

Kaka Odell ya nufi wajen ciyayin ruwa, inda ƙugiya ba ta cika maƙalewa ba. Kaka Burl ya ce a'a. Shi baƙo ne, shi zai zaɓi wuri, a je Kurmin Matattu. Wato inda ruwa ya cinye wani tsohon daji lokacin da aka datse kogi, kututture na tsaye a ƙarƙashin ruwa kamar jama'a a kasuwa. Manyan kifaye suna can. Ƙugiyoyin rabin garin ma suna can.

"Ko tsoro kake ji ƙullinka ya ba ka kunya?"

Kaka Odell ya juya kan jirgi ya nufi can.

Kafin rana ta ɗaga sosai sanda ta farko ta tafi. Kaka Odell ya jefa ƙugiya mai tanar roba kusa da wani kututture, ta maƙale, ya ja, zare ya tsinke. Ya ajiye ta ya ɗauki ta biyu.

"Ba za ka sake ɗaurewa ba?"

"Sanda huɗu gare ni. Ni ba matsiyaci ba ne."

Ta biyu wani ɗan kifi ne ya shige da ita cikin rassa. Ta uku kuwa a kan bishiya ta ƙare, ba ma a ruwa ba, har Kaka Burl ya tambaye shi ko yau kurege muka fito kamawa. Ni dai ina ta kallon taswirar wata ƙasa mai tsaunuka, ban ga ko harafi ɗaya ba. Can sai ta huɗu ma ta tsinke.

"Malama, miƙo mini shayi."

Allah ya taimake mu, daidai lokacin Kaka Burl yana fama da nasa kifin yana yi masa kirari. Kaka Odell ya zauna ya ba shi baya, ya sunkuya yana motsa gwiwar hannu kamar mai aiki. Ni kuma na kafa littafi a cinya, na jawo bakin zaren ta ƙarƙashi, na zura, na murɗa, na ja. Lafiya lau. Har na fara jin kaina wata jaruma ce irin ta cikin littafi.

Ba a jima ba wannan ma ta maƙale.

"Malama, shayi."

"Kai suruki, wannan shan shayi haka? Ba bayi a jirgin nan fa."

Wannan karon Kaka Burl ba shi da kifin da zai ɗauke masa hankali. Yana zaune yana ɓare gyaɗa, yana leƙowa ta kafaɗar Kaka Odell. Ga shi wasu samari sun wuce a guje da jirginsu, igiyar ruwa ta zo tana jijjiga mu. Na zura zaren da kyar. Na murɗa. Na nemi 'yar kafar nan, na kuskure. Na sake, na kuskure. Murɗin ya warware.

"Ka mutu ne a wurin?" in ji Kaka Burl. "Ko in zo in taya ka?"

Na ji jirgi ya karkata, alamar Kaka Burl ya miƙe.

Ban san lokacin da yatsuna suka yanke shawara ba. Tun ina 'yar shekara shida Kaka Burl ya koya mini ninki da igiyar takalmi, kuma ninki ba ya son natsuwa, ko ana girgizar ƙasa za a yi shi. Na ninka, na zura, na ƙulla, na wuce da ƙugiyar. Na nemi yawun da zan jiƙa, bakina ya bushe ƙayau, sai na tsoma ƙullin a kofin shayi na ja. Kaka Odell ya miƙe da sandarsa yana cewa wasu mutane ba su san aikin ƙwarai yana son lokaci ba. Bai shafa ƙullin ba. Da ma ya shafa.

Jifa ɗaya ya yi. Sandar ta lanƙwashe har ta kusa sumbatar ruwa.

"Uwarsu ce!" Kaka Burl ya zubar da gyaɗarsa. "Ɗaga kan sandar! Ɗaga, tsohon banza, za ta shige itace!"

"Rufe mini baki ka ɗauko koma!"

Kifin ya yi tsalle ya fito, baki buɗe kamar bokiti, ya girgiza kai ya koma. Na yi ƙara, na rufe fuska da nahiya guda. Ina jin zare yana kuka, ina jin tsofaffin nan biyu suna zagin juna da murna, jirgi na tangaɗi, ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta cin abinci. Da na leƙo, Kaka Burl ya riga ya kwaso shi a koma. Ƙato, kore, ciki fari. Sikeli ya ce laba bakwai da ɗoriya.

"Takwas," in ji Kaka Odell.

"Tara, in mun isa gari," in ji Kaka Burl. Karo na farko ke nan da na taɓa jin sun yarda da juna.

Kaka Burl ya sa yatsa ya zare ƙugiyar daga leɓen kifin, aka ɗauki hoto, aka mayar da shi ruwa. Sai ya yi abin da kowane mai fatsa yake yi bayan babban kifi. Ya ɗaga ƙugiyar ya duba ƙullin.

Ya daɗe yana dubawa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Odell."

"Mene ne?"

"Odell Tidwell. Mene ne wannan?"

Kaka Odell ya karɓa ya shafa da babban yatsa. Na ga lokacin da yatsan ya ji zare biyu a idon ƙugiyar. Bai juyo ya dube ni ba, amma bayan wuyansa ya yi ja. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ko ya ce ba shi ya ɗaure ba, jirgi ya tafi, ko ya ce shi ya ɗaure, shekara arba'in na gardama su tafi.

"Gwadawa na yi," ya ce a ƙasan maƙoshi.

"Me ka ce? Kunnen nan nawa ya tsufa."

"Na ce gwadawa na yi!"

Kaka Burl ya cire hula ya ɗora a ƙirji ya dubi sama. "Ya Ubangiji, na gode da ka bar ni na ga yau. Yanzu ko gobe ka kira ni, na shirya." Ya yi dariya har da tari. "Ƙullin malalata! Ƙullin yara! Jikalle, ke shaida ce. Ki rubuta a littafin nan naki, ki sa kwanan wata. Kai, sai na sa fasto ya yi wa'azi a kai. Ɓataccen ɗa ya dawo gida!"

Na ɗauka mun tsira, da tsada dai amma mun tsira. Sai ya share hawaye, ya ciro ɗan almakashinsa, ya datse zaren ƙit. Ya miƙa wa Kaka Odell ƙugiyar da bakin zaren.

"Yi mini a gabana. Ɗazu ka ba ni baya don kunya. So nake in ga hannun Tidwell yana ninki da idona."

"Kaka, ga wani kifi can!" na ce, ina nuna ruwan da ba komai. Ba wanda ya waiwaya.

Kaka Odell ya karɓa. Ya ɗaga ƙugiyar saitin fuskarsa. Ya soka zaren, ya wuce ta dama. Ya soka, ya wuce ta hagu. Ya karkata kai yana neman ta da gefen ido, kamar kaza tana kallon shaho. Dariyar Kaka Burl ta yi ta raguwa har ta ƙare. Ba ka jin komai sai ruwa yana lasar jikin jirgi.

Kaka Burl ya dube ni. Gashina a sauke yake, amma ina jin kunnuwana suna haskowa ta cikinsa.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara," in ji Kaka Odell. Ya ajiye ƙugiyar a cinya. "Kada ka ga laifin yarinyar."

Kaka Burl ya zauna a hankali. "Darlene za ta tambaye ni. Ka san ba zan yi mata ƙarya ba."

"Kai? Kai da ka ce kifin da ka kama shekarar ambaliya laba goma sha biyu ne?"

"Wannan kifi ne. Daban."

Ni ban iya magana a gaban mutane ba, ko a aji sai malama ta ce in ɗaga murya. Amma sai na ji bakina yana zuba. Na ce in aka sayar da jirgin Kaka zai zauna a baranda yana kallon ruwan da ba ya gani har ya mutu. Na ce ni zan riƙa bin sa kullum, ko da yake ina jin amai tun ɗazu. Na ce duk laifina ne da na yi ninki. Na ƙare da kuka mai majina, ba irin wanda ake rubutawa a littafi ba.

"Laifi?" in ji Kaka Burl. "Abu ɗaya ke nan na hankali da aka yi a jirgin nan tun da aka saye shi." Ya tsinci gyaɗa ɗaya daga ƙasa, ya hure ta, ya ɓare. Ya tauna ya tauna. Sannan ya ce, "Suruki, rufe idonka."

"Don me?"

"Amfanin me yake maka? Rufe. Tsohona da dare yake kamun tarwaɗa, kuma ya fi ƙarfin ya ƙona kananzir saboda ƙulli. A duhu ya koya mini. Kama bakin zaren tsakanin babban yatsa da manuni. Ja shi baya har ya ɓace cikin naman yatsun. Yauwa. Yanzu kada ka kai zare wurin ƙugiya. Kawo idon ƙugiyar ka dasa a tsakanin yatsun, ka murza."

Kaka Odell ya gwada, ƙugiya ta soke shi, ya ambaci wata kalma da ba zan rubuta ba. Ya sake. Ya sake. Can sai ga bakin zare ya leƙo ta ɗaya gefen kamar tsiron masara.

"Ya shiga!" na ce.

"Na ji, Malama, ni ba kurma ba ne." Nan take ya hau murɗawa, ɗaya, biyu, har shida. Sai ya tsaya. Yatsunsa suna lalube, suna neman 'yar kafar da ake maido bakin zaren. Kafar nan ko mai ido sai ya natsu. Murɗin ya warware. Ya sake daga farko, ya sake warwarewa. Rana ta take, gumi yana ɗiga daga hancinsa, Kaka Burl kuwa ya harɗe hannu yana kallon gajimare, yana fito a hankali.

"Faɗi abin da za ka faɗa," in ji Kaka Odell.

"Ni? Ban ce komai ba. Kawai dai na san wani ƙulli da ba shi da ƙaramar kafa. Duk madaukansa manya ne, ko da safar hannu za a yi shi."

"Gara in haɗiye ƙugiyar."

"To. Nawa kake ganin jirgin zai yi? Ƙanin matar Hoyt mai shago yana neman na ɗaukar itace."

Kaka Odell ya ɗora tafin hannu a gefen jirgin, inda fenti ya goge saboda yawan dafawa. Sannan ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Bayan an zura sai a yi yaya?"

Ban taɓa ganin malami mai jin daɗin aikinsa kamar Kaka Burl a ranar ba. Ya sa shi ya maido zaren ta cikin idon don ya zama biyu. Ya sa shi ya ƙulla, ya warware, ya ƙulla. Yana cewa "Yauwa ɗan yaro" yana cewa "Kai, ka fi jikalle saurin ganewa, ita sai da na ba ta alewa." Sai da Kaka Odell ya yi shi sau da yawa a jere ba kuskure, sannan aka tayar da inji.

Mama ta ce za ta jira mu a mashigar shagon Hoyt, inda ake sayar da ƙugiya da soyayyar tarwaɗa. Abin da na manta shi ne bencin ƙofar shagon. Ranar Asabar da rana duk tsofaffin masu fatsa na garin suna kansa, kuma babu wanda Kaka Odell bai taɓa yi wa wa'azin murɗe ba a cikinsu.

Tana tsaye a kan katakon mashiga da kayan aikinta, hannu a ƙugu.

"Baba Burl, sannunku da dawowa. Yaya?"

"Laba tara, 'yata."

"Ba kifi na tambaya ba."

"Da hannunsa ya ɗaure. Na gani da idona."

Mama ta dube shi, ta dube ni. Na sunkuya ina gyara igiyar rigar ruwa.

"To, Baba, yi in gani."

Kaka Odell ya dubi wajen bencin. Ba ya ganin fuskokinsu, amma ya san kowa da inda yake zama. Sun riga sun taso, don a garinmu ba a ɗaure ƙugiya a bainar jama'a ba tare da alƙalai ba. Ya ja numfashi. Ya kama zaren ya ɓoye shi cikin yatsu, ya ɗaga kai sama kamar mai duba hadari.

"Ko kallo ba na yi," ya ce.

Ya dasa, ya murza, ya maido. Da ya yi ƙullin nan sako-sako sai na ji wani tsoho ya ce, "Kai, tsaya." Da ya wuce da ƙugiyar ta cikin madaukin sai benci ya fashe.

"Ninki!"

"Jama'a, Odell ya yi ninki!"

"Hoyt, fito da kyamara!"

"Wa ya rasu? Ko tashin duniya ne ba a gaya mana ba?"

Kaka Odell ya jiƙa ƙullin da yawu a natse, ya ja, ya miƙa wa Mama. Kaka Burl yana gefe yana karɓar gaisuwa kamar uban ango.

Mama ta naɗe zaren a hannu ta ja da ƙarfi. Bai motsa ba. Ta daɗe tana kallon mahaifinta, shi kuma yana kallon wani wuri kusa da kunnenta.

"Ka ɗaure da hannunka," ta ce. "Jirgi ya zauna. Ranar Litinin kuma zan kai ka wurin likitan ido, kada ka ce mini komai." Ta juya. "Ke kuma, Twyla, za mu yi magana a gida."

"To, Mama."

"Saura ɗaya. Daga yau ba ka ƙara fita ruwa kai kaɗai. Yarinyar nan ta koma kore kamar ganye, ba za ta iya ba. Baba Burl, kai za ka riƙa raka shi."

"Ni?" in ji Kaka Burl.

"Shi?" in ji Kaka Odell. "Kowace Asabar? Yana zaune a bayana yana kallon hannuna? Darlene, sayar da jirgin."

"Shi ke nan," in ji Mama. "Hoyt, ina lambar surukin nan naka?"

Hoyt ya fara laluben aljihu. Kaka Odell ya tsaya yana huci, hannu ɗaya a kan igiyar jirgin.

"Burl," ya ce.

"Na'am, ɗalibina."

"Da asuba nake fita. In ka makara, ka iyo iyo ka same ni. Kuma ka zo da gyaɗarka, ba na ciyar da ƙato."